Jibo Bakari, Magajin Garin Yamai

Jawabin da aka yi wa ɗaliban Yaƙi da Jahilci a Birnin Gwari

Mun san waɗansunku daga gona kuka taso, ko ƙafa ba ku tsaya wankewa ba. Allah ya saka muku da alheri.

Abin da ya jawo wannan jawabi wata tambaya ce. Ran nan, bayan an tashi daga aji, wani dattijo ya tsai da mu a bakin ƙofa, ya ce, "Malam, in na iya wannan karatu naku, shi zai hana a saye ƙuri'ata, ko kuwa shi zai hana mutanen daji su kore mini shanu?" Muka ce, "Baba, tambayarka ta fi ƙarfin amsar tsaye. Ka yi mana haƙuri sai ranar taro." To, ga ranar ta zo. Amsar da muka kawo labari ne na wani malamin makaranta wanda talakawa suka ɗaga har ya zama Magajin Garin Yamai, babban birnin ƙasar Nijar. Sunansa Jibo Bakari. Ku kasa kunne, don ƙarshen labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu.

Wane ne Magajin Gari?

Wannan suna ba baƙo ba ne a kunnenku, tun da mazaɓu uku na cikin garin nan da shi ake kiransu. A ƙasar Hausa Magajin Gari sarauta ce, Sarki ke naɗa mai ita da rawani. Amma akwai wani irin Magajin Gari wanda ba rawani a kansa. Mutanen birni su ke zaɓen wakilai, watau kansiloli, su kuma wakilan su zauna su fid da ɗaya daga cikinsu ya shugabance su. Aikinsa shi ne kula da kasuwa, da tsabtar gari, da hanyoyi, da kuɗin da aka tara na gari, da littafin da ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Mafi kusa da shi a wurinmu shi ne shugaban ƙaramar hukuma.

A cikin 1956 an yi irin waɗannan Magadan Gari guda biyu da ya kamata mu sani. Ɗaya a Inugu, cikin ƙasar Ibo, inda Malam Umaru Altine, Bafillace mai fataucin shanu, mutumin Sifawa ta ƙasar Sakkwato, ya zama na fari da ya hau wannan kujera, a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC ta Dokta Azikiwe. Ku duba fa, baƙo ne, amma mutanen gari suka yarda da shi. Ɗayan kuwa shi ne Jibo Bakari a Yamai.

Ƙuruciyarsa da karatunsa

An haifi Jibo cikin 1922 a wani ƙauye wai shi Sudure, a bakin kogin Kwara, kusa da Yamai. Bazabarme ne. Amma tun yana yaro aka kai shi Tawa, can ya fara makaranta, can kuma Hausa ta zauna a bakinsa. Ku riƙe wannan, don Hausar nan ita ce ta buɗe masa ƙofofin Maraɗi da Tasawa da Damagaram daga baya.

Da ya yi ƙoƙari aka aika da shi ƙasar Senigal, makarantar William Ponty, inda Faransawa ke horon malamai da akawuna na dukan ƙasashen da suke mulka a Afirka ta Yamma. Ya komo ya koyar a Birnin Ƙonni, nan arewa da Sakkwato, ya kuma koyar a Agadas. Watau dai mai alli da allo ne kamarmu.

Akwai wani ɗan'uwansa, shi ma mutumin Sudure, shi ma malamin makaranta, ya girme shi da shekara 6. Sunansa Jori Hamani. Ku riƙe wannan suna kuma.

Shigarsa siyasa

Bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu, Faransa ta ɗan sassauta wa ƙasashen da ke hannunta. Cikin 1946 aka kafa jam'iyyar farko ta Nijar, ana ce da ita PPN, ta kuma haɗa kai da babbar ƙungiyar nan RDA wadda aka kafa a Bamako cikin wannan shekara. Jori da Jibo duk suna ciki. Jibo ya aje alli, ya zama babban sakataren jam'iyya.

Ba a daɗe ba hanya ta rabu. Cikin 1950 shugabannin RDA suka ga ya fi musu su sasanta da Gwamnatin Faransa. Jori ya bi su. Jibo ya ƙi, ya fita. Daga nan ya koma wajen waɗanda ba wanda ya kula da su: lebura, da direban mota da yaronsa, da tela, da mahauci, da mai lambu, da ɗan koli. Ya yi ta haɗa su ƙungiya-ƙungiya, yana karanta musu dokar aiki, yana fassara musu abin da ta ce game da lada da hutu da awoyin aiki. Dokar tana nan a rubuce tun ƙarshen 1952, amma mai aikin da bai iya karatu ba, ina zai san an rubuta masa hakki? Sai wanda ya karanta masa.

Cikin 1954 ya kafa tasa jam'iyya, UDN. Amma sunan da ya bi ta, har ya danne na takarda, kalmar Hausa ce: Sawaba, watau sauƙi bayan wuya. Wannan kalma ku ma kun san ta. Ita ce kiran jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, wadda Malam Aminu Kano ya shugabanta, ita ce kuma ta zama laƙabin Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Talakan Kano da talakan Maraɗi harshensu ɗaya, kukansu ɗaya, iyakar da Turawa suka shata ba ta hana kalma ƙetarewa ba.

Da yake yawancin masu jefa ƙuri'a ba su iya karatun boko ba, kowace jam'iyya sai ta ɗauki alama. A nan Arewa NPC tana da fartanya, NEPU tana da tauraro, NCNC kuma zakara. A Nijar RDA ta ɗauki giwa, Sawaba ta ɗauki raƙumi.

Ya hau kujera

Cikin 1956 Faransa ta yi wata doka wadda ta ba kowane baligi ikon jefa ƙuri'a, namiji da mace. Iyayenmu mata da ke zaune a nan, ku lura: matan Nijar sun riga matan Arewa samun wannan dama da shekara 20, don mu nan sai 1976 aka fara barin mata su yi zaɓe.

A watan Nuwamba 1956 aka yi zaɓen majalisar birnin Yamai. Mutanen Jibo su kaɗai ba su isa su naɗa shi ba. Sai ya ƙulla da wata jam'iyya, BNA, wadda sarakuna da 'ya'yan sarakuna suka yi yawa a cikinta. Da ƙuri'unsu aka haɗa, Jibo Bakari ya zama Magajin Garin Yamai, shi ne na fari da aka zaɓa. Shekarunsa 34.

Jam'iyyun nan biyu suka narke suka zama ɗaya. Da aka yi zaɓen majalisar ƙasa ran 31 ga Maris 1957, suka ci kujera 41 cikin 60, jam'iyyar Jori ta sami 19. Jibo ya zama shugaban ministoci na fari a Nijar, ko da yake Gwamna Bafaranshe yana bisansa. Cikin wata shida ke nan malamin makaranta ya riƙe birni, ya kuma riƙe ƙasa.

To, amma fa akwai tsaga a gindin wannan gini. Rabin ƙarfinsa na talakawan birni ne waɗanda suka san shi, suka ji maganarsa da kunnensu. Ɗaya rabin kuwa aro ne daga wajen sarakuna, don mutanen ƙauye inda hakimi ya nuna nan suke jefawa. Har wa yau Gwamnatinsa ta tuɓe waɗansu sarakuna, sauran suka fara duban rawunansu. Kayan aro kuwa, kun sani, ba ya rufe katara.

Ranar I ko A'a

Cikin 1958 Janar Dagol ya karɓi mulkin Faransa. Ya kawo sabon tsarin mulki, ya ce kowace ƙasa ta zaɓa ran 28 ga Satumba. In ta ce I, ta zauna cikin tarayya da Faransa, tana da mulkin cikin gida, amma soja da kuɗi da harkar ƙasashen waje suna hannun Faris. In ta ce A'a, ta sami 'yancin kai nan take, Faransa kuma ta janye hannunta da taimakonta.

Shugabanni biyu suka ce wa mutanensu su ce A'a: Seku Ture na Gini da Jibo Bakari na Nijar. Faransa ba ta so Nijar ta kuɓuce mata, domin tana iyaka da Aljeriya, inda ake yaƙin neman 'yanci tun 1954, tana kuma iyaka da Nijeriya wadda ke gab da samun nata. Sai aka aiko da sabon Gwamna, sunansa Kolombani, ya zo da aiki guda: a ce I. Kumandodi suka bazu cikin ƙasa, aka kira sarakuna, aka ja musu kunne. Abokan Jibo na BNA suka janye jiki suka koma wajen Jori.

Yanzu ku sa kanku a matsayin manomin ƙasar Tasawa a wannan rana. Tsarin mulkin da ake tambayarsa a kai da Faransanci aka rubuta shi. Yaran da ke zuwa makarantar boko a Nijar a lokacin ba su kai 5 cikin 100 ba. Shi bai karanta ba, ɗansa bai karanta ba, maƙwabcinsa bai karanta ba. Ɗan Sawaba ya zo ya gaya masa magana, dogarin hakimi ya zo ya gaya masa wata. Ba shi da abin da zai auna su da shi sai tsoro. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da aka ƙirga, 78 cikin 100 na waɗanda suka jefa sun ce I. Amma ga abin lura: waɗanda suka fito ba su kai 4 cikin 10 na masu rajista ba. Mafi yawa sun zauna a gida, aka yanke musu hukuncin ƙasarsu ba su nan. Gini ta ce A'a, ta sami 'yancinta ran 2 ga Oktoba. Jibo kuwa ya sauka daga mulki cikin wannan wata.

Aka rushe majalisa, aka sake zaɓe a watan Disamba, Jori Hamani ya hau. Kujerar Magajin Gari ita ma ta fita daga hannun Jibo. Cikin Oktoba 1959 aka haramta jam'iyyar Sawaba ɗungum. Da Nijar ta sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, mutumin da ya fara neman a ba ta shi yana gudun hijira a Bamako.

Da aka rufe ƙofar ƙuri'a

A nan ne labarin ya yi ɗaci, a nan ne kuma muke so ku fi natsuwa.

Jam'iyya ɗaya ta rage a ƙasa. 'Yan Sawaba, waɗansu aka ɗaure, waɗansu aka kore su daga aiki, waɗansu suka gudo Kano suka fake wajen abokansu na NEPU. Jibo ya koma Gana wajen Kwame Nkuruma. Shi da mutanensa suka ce tun da an hana su akwati, to, sai bindiga. Aka tura samari ƙasar Sin da Biyatnam ta Arewa da Aljeriya su koyi yaƙi.

Wajen ƙarshen daminar 1964 samarin nan suka shigo Nijar ƙungiya-ƙungiya ta kan iyakoki, har da iyakar Nijeriya. Zatonsu da mutanen ƙauye sun gan su za su tashi su bi su. Ba haka ta faru ba. Gwamnati ta sa sarakuna su tara mutane da kwari da baka, aka bi su cikin daji kamar farauta. Aka kashe waɗansu, aka kama da yawa, aka harbe waɗansu a bainar jama'a a Yamai. Aka bi gida-gida ana kama duk wanda aka taɓa gani da alamar raƙumi, da mai laifi da marar laifi, da yawa kuma ba su fito daga kurkuku da rai ba. Cikin Afrilu 1965, ranar Babbar Salla, wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti a filin idi na Yamai don ya kashe Jori. Jori ya tsira. Wanda ya mutu ƙaramin yaro ne.

Ku duba wannan da kyau. Jam'iyyar da aka kafa don a sama wa talaka sauƙi, ga inda bindiga ta kai ta: gawar yaro a filin idi. Ba mu ɗora laifin a kan gefe guda ba. Wanda ya toshe wa mutane hanyar faɗin ra'ayinsu yana da nasa kaso, wanda ya ɗauki makami yana da nasa. Amma wanda ya biya bashin duka biyu talaka ne.

Ƙarshen rayuwarsa

Da aka hamɓarar da Nkuruma cikin 1966, Jibo ya koma Gini. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja suka tuɓe Jori Hamani, Seini Kunce ya hau. Jibo ya komo gida bayan shekara 15. Shekara guda kawai ya sha iska, cikin 1975 aka kama shi. 'Yan'uwan nan biyu na Sudure, waɗanda suka raba ƙasa biyu saboda gabarsu, sai ga su duka a tsare a hannun soja, shekara da shekaru. Jori ya rasu cikin 1989 a ƙasar Maroko.

Bayan babban taron ƙasa na 1991 aka komo da siyasar jam'iyyu. Jibo, yana da shekara 70 da 'yan kai, ya sake ɗaga sunan Sawaba, ya tsaya takarar shugaban ƙasa cikin 1993. Bai sami ko 2 cikin 100 ba. Mahamman Usman na Damagaram ya ci. Samarin da suka yi zaɓen yawancinsu ba a haife su ba sa'ad da yake Magajin Gari. Tsohon bai koma daji ba, bai aika kowa ba. Ya rasu a Yamai ran 16 ga Afrilu 1998. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa.

Mu komo gida

Mu mutanen Birnin Gwari ba sai an kwatanta mana abin da bindiga a daji ke yi ba. Jiki magayi. Mun san shekarun da hanyar Kaduna ta zama sai da rakiyar soja, mun san gonakin da suka koma saura a gefen dajin Kamuku da Kuyambana. Mun tuna da Gwaska, watan Mayu 2018, inda aka kashe mutum fiye da 40 rana ɗaya. Mun kuma ga watan Nuwamba 2024, sa'ad da Gwamna Uba Sani ya zo garin nan aka yi sulhu, aka sake buɗe kara bayan ta yi shekaru a rufe. Ba mu ce mutanen daji da 'yan Sawaba abu ɗaya ne ba. Waɗancan siyasa ta kai su, waɗannan kuwa dalilansu dabam ne, ɓarnarsu kuma ta fi yawa nesa. Inda suka yi kama shi ne wannan: kowane ɗayansu ya ce an zalunce shi, ba inda zai kai ƙara, kuma kowane ɗayansu kan talaka ɗan'uwansa ya huce.

Saboda haka, Baba, ga amsar tambayarka. Karatu ba ya tare harsashi, ba za mu ruɗe ka ba. Amma ga abin da yake yi.

Na ɗaya, wanda ya iya karatu shi ke duba sunansa a rajista da idonsa, ya karanta takardar ƙuri'a da kansa, ya tsaya har a ƙirga, ya karanta sakamakon da aka manna a bango. Ba a yanke masa hukunci yana gida, kamar yadda aka yi wa mutanen Nijar cikin 1958.

Na biyu, ƙaramar hukumarmu tana da mazaɓu 11, kowace da kansilanta, tun daga Magajin Gari har Randagi da Kakangi da Kuyello da Dogon Dawa. Mai karatu ya iya rubuta wa kansila takarda, ya sa kwanan wata, ya aje kwafi. Maganar baki iska ke ɗauke ta, takarda kuwa tana nan har ranar da za a zo neman ƙuri'a.

Na uku, wanda ya san hanyar kai ƙara, ko ga Mai unguwa, ko fadar Mai Martaba Sarki, ko kotu, ko majalisa, shi ne ba a saurin ja zuwa daji. Wannan ya shafi ɗan manomi, ya shafi ɗan makiyayi. Don haka muke roƙonku, mako mai zuwa kowa ya zo da mutum ɗaya, in da hali daga ruga. Ajin nan na Bahaushe ne da Bagwari da Bakamuke da Bafillace. In mutanen Inugu sun iya ba Bafillacen Sifawa kujerar garinsu, mu ba za mu kasa ba maƙwabcinmu gefen benci ba.

Ku kuma masu sha'awar tsayawa takara, mun san akwai ku a nan, ku ɗauki darasi daga Jibo. Ƙuri'ar da mutum ya ba ka don ya fahimci abin da kake nufi ita ce taka. Wadda aka tattaro maka ta hannun wani, ran da ya juya da ita zai tafi.

Tambayoyi domin aji

1. A wace shekara Jibo Bakari ya zama Magajin Garin Yamai?
2. Mece ce ma'anar Sawaba, kuma wace jam'iyya ce ta yi amfani da kalmar a Kano?
3. Mutum nawa cikin 10 suka fito zaɓen 28 ga Satumba 1958 a Nijar?
4. Rubuta sunan mazaɓarka da sunan kansilanka. In ba ka sani ba, ka tambayo kafin ranar aji.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa mu ga damina mai albarka.